Me ya sa Hero na Dragon Quest ya dogara da sa'a a Super Smash Bros. Ultimate?

Ɗan Takobi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya a wasan bidiyo na Super Smash Bros. Ultimate na kara da wani mai wasa da Hero, jarumin da ke wakiltar wasannin Dragon Quest, kuma ina gabansa da nisa, sai ya buɗe ɗan akwatin rubutu a ƙasan allo ya zaɓi sihirin Thwack, nan take ya raba ni da raina na ƙarshe alhali dukan da na sha bai taka kara ya karya ba. Shin wannan ba caca ba ce? Me ya kawo irin wannan cikin wasan faɗa da ake taƙama da ƙwarewar hannu?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana cikin asalin wasan da ya fito. Tun Dragon Quest na farko, wanda ya fito a Japan a 1986 bisa tsarin Yuji Horii da zanen Akira Toriyama, faɗan bi da bi ake yi: ka zaɓi umarni daga jeri, ka jira ka ga ko ya ci ko ya kuskure. Da Masahiro Sakurai, daraktan wasan Smash, ya shigo da Hero a watan Yulin 2019, wannan tsarin ya ɗauko ya dasa a wasan da ba a jiran kowa. Shi ya sa akwatin ke nuna umarni 4 da aka tsamo ba bisa tsari ba daga cikin 21, kuma kusan kowanne yana cin wani abu daga ma'aunin MP, wato ƙarfin sihirinsa, wanda iyakarsa 100 ce. Hatta manyan saransa na takobi suna da damar 1 cikin 8 ta zama mummunan sara, irin saran sa'a da ake samu a Dragon Quest. Ni da na yi wasa na III da na VIII, waɗanda jarumansu ke cikin kamanni huɗun da ake zaɓa tare da na IV da na XI, ina ganin da an cire sa'ar nan, da sunan kawai ya rage.

Hajiyar Garkuwa:
Ɗan'uwa, maganinsa shi ne kada ka ba shi sarari. Muddin akwatin yana buɗe, a tsaye yake wuri guda, kuma sai ya ɗauke ido daga kanka ya karanta. Ka matsa masa har MP ɗinsa ya ƙare, domin sihirin iskar da yake dawowa fili da shi ma da MP yake aiki, idan babu kuwa sai dai ya faɗa. Damar Thwack ta kashe mutum nan take tana ƙaruwa ne da yawan dukan da ya sha, saboda haka kai dai ba ka taki sa'a ba ne. Sa'ar ma tana juya masa baya, don na sha ganin mai gaggawa ya latsa Kamikazee ya tarwatsa kansa.

Mai Lissafi:
Hajiya, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Cloud na Final Fantasy VII, wani jarumin da ke cikin Smash, shi ma daga irin waɗannan wasanni ya fito, amma ma'auninsa na Limit, wanda ke ƙara masa ƙarfi idan ya cika, a idon kowa yake cika, kuma abokin karawa ya san abin da ke tafe. Na Hero kuwa ba a shirya masa, har masu shirya gasa a Kudancin Ostareliya suka taɓa hana amfani da shi a 2019. Akwai kuma matsalar harshe: idan na'urar tana kan Japananci, wanda bai iya karantawa ba ba zai san abin da ke cikin akwatin ba sai ya ji a jikinsa.

Ɗan Takobi:
Na gode muku duka. Hajiya, idan na jefa shi wajen fili kuma MP ɗinsa ya yi ƙasa, in bi shi can ne, ko in tsaya a baki saboda sihirin Zoom na iya fito masa a akwatin ya dawo da shi fili?