Riƙewar fitsari: wa ake ba betanekol, wa ake hanawa?

Ɗalibar koyon jinya: Salamu alaikum manyana. Ina ganin ana rubuta betanekol ga wasu masu riƙewar fitsari, wasu kuma a hana su. Don Allah waɗanda suka saba aiki da shi su yi mana bayani.

Likitan mafitsara: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga magani sai a san abin da ya tsayar da fitsarin. Ko dai tsokar mafitsara ta yi sanyi ba ta matsewa, ko kuma tana matsewa amma hanyar fita ta toshe. Betanekol, wanda aka sani da sunan Urecholine, na masu matsala ta farko ne kaɗai: bayan tiyata, bayan haihuwa, ko lalacewar jijiyoyin da ke sa mafitsara aiki. Tilasta wa tsokar matsewa yake yi. Idan aka ba dattijon da furostet (ƙullin da ke kewaye da bututun fitsarin namiji a ƙasan mafitsara) ta kumbura ta danne masa hanya, ko mai tabo a bututun fitsari, mafitsara za ta matse alhali ƙofa a rufe take. Fitsarin na iya komawa sama zuwa ƙoda, in da ƙwayoyin cuta a ciki ya tafi da su. Wanda kuwa ya zo mararsa a kumbure, yana murƙususu, ko ɗigo ba ya fita, wannan ba a fara masa da ƙwaya. Robar fitsari ake sa masa nan take, a rubuta adadin da ya fito, a ci gaba da aunawa. In yana zubar da fiye da mililita 200 a awa har awa 2 a jere, sai a kula da ruwan jikinsa da gwajin ƙoda.

Mai harhaɗa magunguna: Ƙwayar betanekol tana zuwa a miligiram 5, 10, 25 da 50. Babba yakan sha 10 zuwa 50, sau 3 ko 4 a rana, gwargwadon abin da likita ya rubuta. Akan fara da 5 ko 10 a ga yadda jiki ya karɓa sannan a ƙara. A sha awa 1 kafin cin abinci ko awa 2 bayansa, domin da cikakken ciki yana tayar da zuciya har amai. Yakan fara aiki bayan kamar minti 30, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin minti 60 da 90. Wanda ya manta lokaci kada ya haɗa biyu.

Sista, ɗakin masu tiyata: Malam ya kawo lissafin lokaci, kuma nan ne ake yawan sakaci. Ki ba da magani ki tafi, maras lafiya na kwance babu tasar fitsari kusa, lokacin aikinsa ya wuce a banza. Minti 30 bayan sha a zaunar da shi ko a raka shi bayi. Ki auna bugun zuciya da awon jini kafin ki bayar. Ya tashi a hankali, ya ɗan zauna bakin gado, don jiri na kayar da su. Zufa, yawan miyau, murɗawar ciki da gudawa su ne alamun da muka fi gani. In numfashi ya fara ƙarar fito kamar na mai asma ko bugun zuciya ya yi ƙasa sosai, a dakata a kira likita, maganin atrofin ne makarin betanekol, kuma ya kamata ya kasance kusa.

Mai harhaɗa magunguna: Shi ya sa ake tambayar tarihi tukuna. Ba a ba mai asma, mai gyambon ciki, mai farfaɗiya, mai cutar Parkinson, mai ciwon jijiyoyin zuciya, wanda jininsa ke yin ƙasa ko zuciyarsa ke bugawa a hankali, da wanda tayirod ɗinsa (ƙullin da ke gaban wuya) ke aiki fiye da kima. Haka wanda hanjinsa ya toshe ko aka yi wa sabon ɗinki a hanji ko mafitsara.

Ungozoma: Likita, a gafarce ni, ni ban ga yana yin abin kirki ba a ɗakin haihuwa. Mai jego in ta wuce awa 6 ba ta yi fitsari ba, mukan rage mata zafi, mu keɓe ta daga idon mutane, mu taimaka mata ta zauna sosai. In ya ƙi, roba.

Likitan mafitsara: Gaskiyarki Hajiya. Hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi, shi ya sa likitoci da yawa suka rage rubuta shi. Ga mai raunin mafitsara na dindindin, koya masa sa robar da kansa lokaci-lokaci cikin tsabta ya fi tabbas. Masu furostet kuwa maganinsu daban ne: tamsulosin miligiram 0.4 sau ɗaya a rana, kamar minti 30 bayan abinci, a lokaci guda kullum. Shi sassauta tsokar wuyan mafitsara da furostet yake yi. Mukan ba shi kwana 2 zuwa 3 robar na jiki, sannan a cire a gwada ko fitsari zai fito. Ba a tauna kafson, ba a fasa shi. Yana sa jiri in an miƙe, musamman in an haɗa da Viagra, yana kuma rage fitar maniyyi, abin da ke sa wasu daina sha a ɓoye in ba a faɗa musu tun farko ba. Wanda za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likitan ido ya sha tamsulosin, ko da ya daina. Finasterid miligiram 5 yana rage girman furostet, amma sai ya ɗauki kamar wata 6, kuma mai juna biyu ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa.

Sista, ɗakin masu tiyata: Ƙanwata, ki riƙa duba sauran abin da yake sha. Piriton, Buscopan, amitiriftilin, tiramadol, kodin da magungunan mura masu buɗe hanci duk suna iya tsayar da fitsari. Ki kuma tambayi yaushe rabonsa da bayan gida, domin taurin bayan gida kaɗai ya isa ya danne hanyar. Sau da yawa da an cire wancan magani ko an wanke ciki, fitsari ke dawowa ba tare da an ƙara komai ba.

Ɗalibar koyon jinya: Allah ya saka da alheri. To in ya yi fitsari bayan an cire roba, shi ke nan?

Likitan mafitsara: A'a. A auna abin da ya rage a mafitsara da na'urar hoton ciki cikin minti 10 bayan ya gama. Wani yana fitar da kaɗan-kaɗan ne don mafitsarar ta cika tana ambaliya, ba don hanya ta buɗe ba.