Karatun 'yan Latino a laburaren unguwa, ya dace in kai yarana?

Maman_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a Amurka. Ni a Bronx nake, cikin birnin New York, shekarata uku da zuwa, ina da tagwaye mata 'yan shekara bakwai. Jiya sun dawo makaranta da wata takarda daga laburaren unguwarmu, wai duk Asabar za a dinga karatun littattafai da ba da labarai na mutanen Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, har tsakiyar Oktoba, da waƙe da zane-zane, kuma maƙwabciyata 'yar Jamhuriyar Dominika wadda wallahi mutuniyar kirki ce, ita ke riƙe min yaran in na makara a wajen aiki, ta ce in shirya mu tafi tare da jikanta, tun jiya yaran sun hana ni sakat.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bara na shiga laburaren buga wata takarda sai na ga an shirya wani tebur da furanni ruwan ɗorawa da hotunan mutane da ƙoƙon kan mutum an yi masa kwalliya, gabana ya faɗi na fita ban tambayi kowa ba. Shin irin wannan za a yi? Akwai addini a ciki? Kuma mu da ba Latino ba za a karɓe mu, ko sai an biya? Sannan Baban su ya ce yaran nan ko Hausar ma ta fara kuɓuce musu, in na yi musu magana da Turanci suke amsawa, in aka ƙara musu Sifaniyanci ai shi ke nan. Ni kuma ba na son in ɓata wa matar nan rai.

Anti_Laburare ta rubuta:

Wa alaikis salam ƙanwata. Ni a laburare nake aiki ɓangaren yara, a wata jiha daban amma tsarin kusan ɗaya ne. Kwantar da hankalinki, ba a biyan ko sisi, kuma ba a tambayar ke 'yar ina ce. Laburaren gwamnati na duk wanda ke zaune a garin ne, katin ma kyauta ne, kuma a New York tun Oktoban 2021 suka soke tarar da ake ci in ka makara wajen mayar da littafi.

Abin da aka rubuta a takardar nan watan tunawa da al'adun masu asali daga ƙasashen da ke jin Sifaniyanci ne, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. Da mako ɗaya ne, tun 1968 zamanin shugaba Johnson, sai a 1988 zamanin Reagan aka mayar da shi wata guda. An fara daga tsakiyar wata ne saboda 15 ga Satumba ita ce ranar 'yancin kai ta ƙasashe biyar, Costa Rica, El Salvador, Guatemala, Honduras da Nicaragua, Meziko kuma tata 16 ga wata. Kuma mutanen nan ba kaɗan ba ne, ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, a Bronx ɗinki ma sun fi rabin jama'a. Yadda ake yi, yara su zauna a kan darduma, a karanta shafi da Turanci a maimaita da Sifaniyanci, a yi 'yar waƙa da tafi, a ba su takarda da kala su yi zane, minti talatin zuwa arba'in an tashi, iyaye suna zaune a wajen suna gani.

Teburin da kika gani na wani biki ne daban, ranar tunawa da matattu ta mutanen Meziko, 1 da 2 ga Nuwamba, suna ajiye hotunan iyayensu da suka rasu da abincin da suke so. Wannan kam akwai aƙida a cikinsa, ni ma ba na kai 'ya'yana ranar. Ki je teburin ɓangaren yara ki ce a ba ki jadawalin watan, ki tambayi littafin da za a karanta kowace Asabar, aikinmu ne mu faɗa miki, ba wanda zai ji haushi.

Amma bari in ba ki labarin matar da ta fara wannan abu, don ni duk sanda na tuna ta sai in ji ƙarfin aikina ya dawo. Sunanta Pura Belpré, baƙar fata ce 'yar Puerto Rico, ta fara aiki a laburaren titi na 135 a Harlem a 1921, ita ce 'yar Puerto Rico ta farko da laburaren New York ya ɗauka. Lokacin mutanenta suna ta kwararowa birnin amma ba sa shiga laburare, gani suke na masu Turanci ne. Ta duba kantoci kaf ba ta ga tatsuniyar garinsu ko ɗaya ba. Sai ta zauna ta rubuta wadda kakarta ke yi mata, labarin wata kyankyasa mai kwalliya Martina da ɓera Pérez da ya aure ta, aka buga shi a 1932. Da hannunta take haɗa 'yan tsana tana wasa da su tana ba da labari da harsuna biyu, tana bin unguwanni tana kiran iyaye. Ta rasu a 1982, kuma tun 1996 akwai lambar yabo da sunanta da ake ba marubuta da masu zanen littattafan yara 'yan Latino. Wataƙila a cikin littattafan da za a karanta wa tagwayenki ki ga masu tambarin lambar a bangonsu. Kin ga dai tatsuniyar kaka ce ta zama wannan duka, ba wani abu ba.

In kin ji daɗinsa, akwai wani kuma 30 ga Afrilu, ranar yara da littattafai, suna ce masa Día. Marubuciya Pat Mora ce ta kawo shawararsa a 1996 tare da ƙungiyar REFORMA ta ma'aikatan laburare masu yi wa masu jin Sifaniyanci hidima, yanzu kuma an buɗe shi ga kowane harshe.

Dan_Zango ya rubuta:

Salam. Hajiya ni zan ɗan saɓa, a yi min haƙuri. Shekarata ashirin da wani abu a Bronx, daga Kumasi na zo, kuma na ga yaran da aka haifa a gabana yau in kakarsu ta bugo waya sai dai su ce fine fine su miƙa wa uwarsu. Maganar maigidanki ba ƙarya ba ce. Asabar da Lahadi su kaɗai muke da su na Islamiyya, kwana biyar yaro yana hannun makarantar boko, in kika ɗauki Asabar ɗin ma kika bayar me ya rage? Ban ce abin haramun ne ba, ni ba malami ba ne, kuma mutanen Dominika maƙwabtanmu ne shekara da shekaru, ranar da aka yi mana rasuwa sun fi wasu namu tsayawa. Amma na taɓa kai jikana irin wannan taro aka kunna kiɗa aka ce kowa ya tashi rawa maza da mata, na kama hannunsa muka fito. In za ki je ki je da kanki, kar ki tura su da wani, kuma kar ya ci lokacin allo.

Bakatsine_Dalibi ya rubuta:

Baba Dan Zango Allah ya ƙara girma, maganar lokacin Islamiyya gaskiya ce ba musu. Amma batun harshe ina ganin ba Sifaniyancin minti arba'in a mako ne zai kashe wa yaro Hausa ba, abin da ke kashe ta shi ne yaron ya lura cewa harshen gidansu ba ya fita waje, ba a rubuta shi, ba a karanta shi a gaban mutane, sai faɗa da aike kawai ake yi da shi. Yaron Latino yana ganin babbar mace ta ɗauki littafi a ginin gwamnati tana karantawa da harshen kakarsa ana tafi, to ya za a yi ya ji kunyarsa?

Ni shirin karatu na manya na shiga bara lokacin da nake neman inda zan gyara Turancina. Irin shirin nan ne da ake zaɓar littafi ɗaya gari duka a karanta, a Seattle aka faro shi a 1998 sannan ya bazu. Laburare ya ba mu littafin aro, wanda ya ga dama ya ɗauki na Turanci wanda ya ga dama na Sifaniyanci, muka haɗu sau huɗu da yamma. Littafin Julia Alvarez ne a kan 'yan matan gidan Mirabal, mata uku 'yan uwan juna da aka kashe ranar 25 ga Nuwamba 1960 saboda sun yi adawa da Trujillo, wanda ya riƙe Dominika daga 1930 har 1961. Saboda su ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 25 ga Nuwamba ta zama ranar yaƙi da cin zarafin mata, ni da nake jin ranar a rediyo tun ina gida ban taɓa sanin daga ina ta samo ba sai a ɗakin nan. Akwai wani tsoho a cikinmu da ya yi yarinta a zamanin, ya ce a gidansu dole hoton shugaban ya kasance a bango kuma ko a cikin ɗaki ba a ambatar sunansa da ƙarfi, yana faɗa muryarsa na rawa, ɗakin ya yi tsit. Da aka zo kaina na ba su labarin yadda iyayenmu ke rage murya in ana maganar gwamnati zamanin soja, suka yi ta gyaɗa kai. Tun ranar tsohon nan in ya gan ni a tashar bas sai ya tsaya mun gaisa.

Wani abu kuma Hajiya da zai ba ki mamaki, ki saurari maƙwabciyarki da kyau. Sukari suna ce masa azúcar, zaitun aceituna, shugaban gari alcalde wanda asalinsa ɗaya da alƙali namu, in suna fatan abu su ce ojalá, daga Larabci ta fito, ma'anarta kusa da in Allah ya so. Musulmi sun yi mulki a Andalus, yankin Sifaniya ta yau, daga 711 har 1492, kalmomin suka zauna a harshen suka tsallaka teku. Ki nuna wa yaran wannan, za su ji daɗi.

Maman_Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Dan Zango na bi maganarka, Islamiyyarsu sai ƙarfe biyu, karatun kuma sha ɗaya na safe ne, kuma da kaina na je na zauna a bayansu. Anti na tambayi jadawalin kamar yadda kika ce, matar ta buga min shi, ta ma ja min layi a ranar da za a yi na matattun ba tare da ta canza fuska ba.

Ba a yi rawa ba wannan makon, tafi kawai. Wata dattijuwa ce ta ba da labari da 'yar tsana a hannu, ba na jin rabin abin da take faɗa amma yadda take canza murya wallahi sai na ga Inna ta a tsakar gida bayan isha'i. Da ta gama sai ta ce colorín colorado yaran duka suka ƙarasa mata da ƙarfi, na tambayi maƙwabciyata ta ce haka suke rufe tatsuniya, na ce ai mu ma muna da shi, ƙurunƙus kan kusu. Hassana ta juyo ta ce min Mama what is kurunkus. A nan ne jikina ya yi sanyi, don na gane shekara bakwai ban taɓa zaunar da su na ce ga ta nan ga ta nanku ba, kullum gajiya kullum waya. Daren nan na yi musu Gizo da Ƙoƙi, na koya musu su ce ta zo mu ji ta, sai da na yi sau uku kafin su yarda su kwanta, Baban su ma yana daga falo yana gyara min inda na manta.

Kafin mu fito na tambayi matar ko akwai littafin yara na Hausa, ta duba kwamfuta ta ce a reshensu babu amma akwai fom na neman a sayo, kuma ta ce in muna da mutane za mu iya neman a ba mu lokaci mu yi namu a ɗakin yara, ta ba ni imel ɗin wanda zan rubuta wa, ta ce in an fara magana da wuri zai iya shiga cikin shirin Afrilu. Na karɓo fom ɗin yana jakata. Anti dan Allah ki faɗa min abin da ake rubutawa a irin wasiƙar, kuma yara nawa ya kamata a ce muna da su kafin su ɗauke mu da muhimmanci? Baba Dan Zango, a cikin iyayenmu mata na Zango ko akwai wadda ta iya tatsuniya da waƙoƙinta? Ni guda huɗu kawai nake tunawa, biyu ma waƙar ta ɓace min.

Dan_Zango ya rubuta:

Akwai. Yayar matata tana nan kusa da ku, ta haura saba'in, in ta fara ba ta gajiya, sai dai Hausarta ta Zango ce yaranki za su ɗan sha bamban da taku. Ba ta hawa jirgin ƙasa ita kaɗai, ni zan kawo ta a mota. A sa shi da safe kafin azahar, jikokina uku ki rubuta da su.