Zauren 'yan kwamfuta na Kaduna: XMPP ko Matrix, kuma saƙo zai kai WhatsApp?

Malam Sani, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa mai mutum kamar 60 ce ke son zauren hira nata na kanta, ba a hannun kamfani ba. Wanne za a kafa musu? Kuma daga can za su iya tura wa 'yan WhatsApp saƙo?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam. XMPP da Matrix duka buɗaɗɗun tsare-tsaren hira ne da kowa zai iya kafawa a sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da zauren. Mutum 60 kam XMPP, a kan Prosody, manhajar sabar XMPP. Ƙaramar sabar haya mai RAM 1GB ta ishe shi har da ragi. Ka sayi domen, wato sunan adireshi a intanet, kowa ya samu adireshi irin na imel. Sai ka buɗe ƙofa 5222 don wayoyi, da 5269 don sabarku ta yi magana da sauran sabobi. In ka manta ta biyun, 'yan gida za su yi ta hira lafiya lau, amma ko harafi ɗaya ba zai fita waje ba. Satifiket na tsaron haɗi kuma ka karɓi na Let's Encrypt, kyauta ne, sai dai kwana 90 yake yi. Ka saita ya riƙa sabunta kansa, Prosody ma ya riƙa ɗaukar sabon. Nan ake yawan faɗuwa: an sabunta, amma sabar na nan riƙe da tsohon, sauran sabobi su juya mata baya.

Hajiya Rabi, Barnawa: Kada dai wani ya ce a ajiye kwamfutar a shago. Ban da matsalar wuta, layukan waya yawanci mutane da yawa suke haɗawa a adireshin IP guda, na waje ba zai same ka ba. Sannan a tabbata mod_smacks da mod_mam, ƙare-ƙare biyu na Prosody, na kunne. Na farko yana ɗinke haɗin idan netwok ya yanke, na biyu yana adana saƙonni har mai wayar ya dawo. A Android a sa manhajar hira ta Conversations, a cire ta daga tanadin batir, in ba haka ba wayar za ta kashe ta a ɓoye, saƙo ya yi ta makara. Masu iPhone su ɗauki Monal.

Usman, Kawo: Hajiya, ni ba zan raina Matrix ba, manhajarta Element ta fi kama da abin da mutane suka saba. Illar Matrix nauyi. Mutum ɗaya ya shiga babban zauren duniya, Synapse, manhajar sabar Matrix, sai ya kwaso bayanan zauren gaba ɗaya, RAM ya cika. Kuma sunan saba in an zaɓa an zaɓa ke nan, ba a canza shi.

Malam Sani: To batun WhatsApp fa, Usman?

Usman: Akwai gada, mautrix-whatsapp, manhajar da ke haɗa Matrix da WhatsApp. Tana shiga ne a matsayin na'urar da aka haɗa ta lambar QR, cikin huɗun da aka yarje wa kowane asusu. Wayar asali ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba, haɗin ya faɗi. Babba kuma, a kan gadar ake kwance kullen saƙon kafin a sake kulle shi, don haka mai sabar zai iya karantawa. Ba hanyar da kamfanin ya amince da ita ba ce, ana iya rufe lamba. Lambar kasuwanci dai ban ba da shawara ba.

Injiniya Bala: Hanyar haɗi da WhatsApp ta hukuma a Turai kawai take. Dokar DMA ta Tarayyar Turai ce ta tilasta wa Meta buɗe WhatsApp da Messenger ga wasu manhajoji tun Maris 2024, bisa yarjejeniya da sharuɗɗan tsaro. Lambar +234 ba ta ciki. Google Talk ma ya taɓa hulɗa da sabobin XMPP, a 2013 aka koma Hangouts aka bar mutane a waje.

Hajiya Rabi: Malam Sani, ka gaya musu tun yanzu, WhatsApp ɗinsu na nan ga kwastomomi, wannan na cikin gida ne. Kuma duk mai sauya waya ya ajiye kwafin bayanansa tukuna, don makullan OMEMO, tsarin kulle saƙo na XMPP, a wayar suke, ba a saba ba.