Na warke daga ciwon hanta nau'in C, sai kolestarol ya hau. Maganin ne ya jawo?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Shekara uku ke nan da aka gano ina da ciwon hanta nau'in C. Bara na sha sofosbuvir da daclatasvir na mako 12, kuma awon da aka yi wata uku bayan na gama ya nuna babu ƙwayar cutar a jinina, Alhamdu lillahi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kolestarol. Lokacin da nake da cutar jimillarsa 142 ce, LDL (nau'in da ke toshe jijiyoyin jini) 74, har mai awon yana tsokanata wai jinin saurayi gare ni. Makon jiya na sake: jimilla 211, LDL 138. Cimata ba ta canza ba, kilo uku kawai na ƙara. Shekarata 52, ina da hawan jini. Anya maganin nan bai gyara wuri guda ya ɓata wani ba? Sai wata mai zuwa zan ga likitana, hankalina kuwa ya ƙi kwanciya.

Maman Hafsa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya Abban Sadiq. Maigidana ma haka nasa ya yi, tun bai gama shan maganin ba ya fara hawa. Mun tsorata a lokacin, amma likita bai ko girgiza ba.

Dakta Maryam:
Abban Sadiq, barka da arziki tukuna, warkewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Maganin bai ɓata maka komai ba. Lambar farko ce ta yaudare ka.

Hanta ita ce cibiyar sarrafa kolestarol ɗin jiki. Ita ke ɗaure kitse a cikin ƙananan ƙunshi da ake kira VLDL ta tura su jini, ita kuma ke janye LDL daga jinin. Ƙwayar nau'in C wayonta shi ne ta bi wannan hanyar: tana lulluɓe kanta da kitse ta fita tare da ƙunshin nan, kuma cikin ƙofofin da take bi ta shiga ƙwayoyin hanta har da wadda LDL ke bi. Garin haka sai ta dagula fitar kitsen. Ya taru a hanta, ya yi ƙaranci a jini. Shi ya sa za ka ga mai nau'in C da kolestarol ƙasa-ƙasa, a yi masa hoton ciki kuma a tarar hantarsa cike da kitse. An fi ganin wannan a rukuni na 3 na ƙwayar.

Da aka kashe ƙwayar, hanta ta koma aikinta, sai lambarka ta ainihi ta bayyana. Wannan 138 ɗin, wataƙila da can ma nan kake da ba don cutar ba.

A nan gizo ke saƙar: ƙarancin kolestarol ɗin nan bai taɓa zama kariya ga zuciya ba. Nau'in C na da alaƙa da kumburin jijiyoyin jini da kuma ciwon suga, don yana hana insulin aiki yadda ya kamata. Yanzu da ka rabu da shi, za a auna ka kamar kowa: shekaru, hawan jini, suga, taba idan kana sha, da tarihin ciwon zuciya a dangi. Namiji ɗan 52 mai hawan jini da LDL 138, ba abin tayar da hankali ba ne a daren yau, amma magana ce da ta cancanci zama da likita. Wata guda ba zai cutar da kai ba.

Malam Nuhu:
To Dakta, in haka ne, ni da kolestarol ɗina ke 105 shekara da shekaru, ba sai in yi murna ba ke nan? Nau'in C nake da shi, ban fara magani ba don ba na jin ciwon komai.

Dakta Maryam:
Malam Nuhu, kai na fi damuwa da kai a kan mai tambayar. Rashin jin ciwo ba shaida ba ce, hanta ba ta cika kuka ba sai ta jigata. Idan tabo ya mamaye ta har ta taurare, ƙera kolestarol ɗin ma gagararta yake yi, sai lambar ta yi ta sauka. Ban ce naka haka ne ba. Amma ka nemi a duba maka albumin (furotin da hanta ke ƙerawa), yawan ƙwayoyin daskarar da jini, da awon taurin hanta. Maganin yanzu ƙwayoyi ne na mako 8 zuwa 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na warkewa. Me ake jira?

Anti Zulai:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni nau'in B ne. An canza min maganina, tenofovir, daga tsohon zuwa sabon saboda ƙoda, sai nawa ma ya hau, ga ƙiba. Har na yi tunanin ajiye shi.

Bashir Famasis:
Anti, don girman Allah kada ki ajiye. Dakatar da maganin nau'in B kwatsam na iya sa cutar ta taso da ƙarfi har hanta ta kasa. Tsohon, wato TDF, shi da kansa yana rage kitsen jini. Da aka mai da ke kan sabon, wato TAF, sai wannan ragin ya tafi, kuma an san wasu na ƙara nauyi a kansa. Ki kai wa likita takardar awon. Zai iya ƙara miki maganin kolestarol, ko ya duba ko entecavir, wani maganin nau'in B, zai dace da ke.

Tunda an zo nan: mutane na gudun statin, maganin rage kolestarol, wai yana kashe hanta. Ga wanda hantarsa ke aiki lafiya, ko da akwai tsohon ciwo, ana ba da shi. Wanda ya kai ga shawara ko ruwa a ciki ne ake taka-tsantsan da shi. Inda haɗarin yake shi ne lokacin shan maganin nau'in C: ba a haɗa atorvastatin ko simvastatin da glecaprevir/pibrentasvir, ba a haɗa rosuvastatin da ledipasvir, don statin ɗin na taruwa a jini ya taɓa tsoka. Abban Sadiq ya gama nasa, wannan bai shafe shi ba. Malam Nuhu, kai ka riƙe ta.

Abban Sadiq:
Allah ya saka da alheri, wallahi na ji sanyi. Na tono tsohuwar takardar hoton cikina, ga shi nan kuwa an rubuta akwai kitse a hanta, ban ko kula ba a lokacin. Dakta, in sake awon kafin in je? Na makon jiya bayan na karya na yi.

Dakta Maryam:
Jimilla da LDL ba sa motsi sosai da cin abinci, tiragilisarid, wani nau'in kitsen jini, ne ke tashi. In za ka sake, ka kwana ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, ruwa kawai, a haɗa da awon suga na HbA1c. Ka tafi da takardun duka, tsoho da sabo. Ka kuma tambaye shi matakin tabon hantarka kafin magani, domin in ta kai ga taurarewa, hoton ciki duk wata shida zai ci gaba ko da ka warke.