Hutu a jirgin ruwa ga wanda aka hana wa alkama: shawarwarin 'yan zaure

'Yar'uwa daga Arkilla: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mai ciwon siliyak, wanda likita ya hana wa alkama kwata-kwata, in zai yi mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, irin masu tashi daga Jidda ko Dubai ko Basalona, yaya zai yi da abinci?

Malama mai koyar da girki, Mabera: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun ranar biyan kuɗin tikiti ake fara shiri. Kamfanonin suna da sashen masu buƙata ta musamman, kuma suna son a sanar da su da wuri, daga kwana 30 har zuwa 90, gwargwadon kamfani da hanyar da jirgin zai bi. A rubuta musu cewa ciwo ne, ba ra'ayi ba, a nemi amsa a rubuce, a buga ta a takarda. Ranar shiga jirgi, kafin abincin dare, a je babban ɗakin cin abinci a nemi shugaban masu kawo abinci a nuna masa. Ranar farko ta fi kowace haɗari, don kicin bai san mutum ba tukuna. A wannan ranar a tsaya kan farar shinkafa, gasasshen kifi ba miya, da 'ya'yan itace masu ɓawo.

Alhaji, Runjin Sambo: Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Ƙarin da zan yi, a zaɓi cin dare mai tsayayyen lokaci da tebur guda, don mai hidima guda ya riƙe ka har ƙarshen tahiya. Kowane dare za a kawo maka takardar abincin gobe, ka zaɓa, a dahwa naka daban. In kana sauya tebur kullum, kullum sai ka sake bayani, kuma wurin sake bayanin nan aka samun kuskure.

'Yar'uwa daga Arkilla: To wurin ɗebi-da-kanka fa, Baba Alhaji? An ce suna liƙa alama a kan abincin da ba gulutin, wato sinadarin nan na cikin alkama da sha'ir da ke tayar da ciwon.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama: Alamar tana faɗin abin da aka zuba a tukunya ne kawai, ba ta faɗin abin da ya faru bayan an ajiye tiren. Kin san ludayin gidan biki, daga wannan kula zuwa waccan. Wani ya ɗebi taliya, ya mai da cokalin cikin shinkafa, shi ke nan an gama. Ma'aunin duniya na abincin da za a kira marar gulutin shi ne kada gulutin ɗin da ke cikinsa ya wuce miligiram 20 a kilo guda, ɓurɓushin burodi kaɗan ya isa ya ƙetare wannan. In dole sai an ci a can, a je da zarar sun buɗe, a roƙi ma'aikaci ya ɗebo daga sabon tire a ciki.

Inda aka fi faɗawa kuwa: dankalin da aka soya a man da aka soya kaza mai fulawa; na'urar gasa burodi ta kowa da kowa, ko da naki burodin marar gulutin ne, sai a ce a gasa shi a kan takardar foil; taliyar masara da aka dafa a ruwan taliyar alkama; miyar da aka kaurara da fulawa; da baƙin ruwan waken suya na girkin Sin da Japan, wanda yawancinsa da alkama ake yi. Tambayar "akwai alkama a ciki?" ba ta wadatar ba. A tambaya: a wane mai aka soya, da me aka kaurara.

Ɗan'uwa daga Minanata: Anti, a tuna wa mutane sha'ir ma. Lemon malt irin su Maltina daga sha'ir ake yinsa, haka giyar da aka cire wa maye. Kuskus da Semovita kuma alkama ce tsantsa. Mutanenmu na ganin kuskus su ɗauka ɗan'uwan dambu ne.

Malama mai koyar da girki: Haka ne. Sai guzuri. Ba sa barin a shiga da dafaffen abincin gida, sai busasshe wanda ke cikin ledar kamfani a rufe, kuma an hana butar lantarki da risho a ɗaki saboda gobara. Don haka a manta da tuƙa tuwo. Abin da ke aiki: garin rogo, gyaɗa, dabino, biskit ɗin shinkafa. Gari da ruwan sanyi da sukari da gyaɗa ya fitar da mutum kunya ranar da aka rasa abin ci. Gero, dawa, masara da acca duk ba su da gulutin, amma garin da aka kai injin unguwa bayan an niƙa alkamar alkaki ya riga ya gauraya, ba na ba da shawararsa.

Alhaji: Kilishi kuma a bar shi gida in Turai anka nuhwa. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda matahiyi ya shigo da nama ko madara daga waje ba, a hilin jirgi za a karɓe.

Ɗan'uwa daga Minanata: Ranar da jirgi ya tsaya a gari, a ci karin kumallo sosai kafin a sauka, don galibi ba a barin a fita da abincin jirgi in ba na leda a rufe ba. A Italiya a nemi rubutun "senza glutine", a Sifen "sin gluten", ko hoton zangarniyar alkama da aka soke da layi. Italiya ta fi sauƙi a ganina, har kantin magani ana sayar da irin wannan abinci. Dokar Tarayyar Turai tun 2014 ta tilasta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da rashin lafiya, hatsi mai gulutin na ciki, saboda haka tambaya haƙƙinka ce. A rubuta bayanin ciwon a ɗan kati da Larabci da harshen kowace ƙasa, a miƙa wa mai dafawa.

Ma'aikaciyar jinya: Marar gulutin ba yana nufin halal ba, a nemi biyun a takarda guda tun farko. A tafi da gishirin ORS, don asibitin cikin jirgi kuɗi ne mai yawa, inshora kuma a tabbatar ta san da ciwon. Wanda kuma zargi kawai yake yi, kada ya daina cin alkama kafin gwajin jini, in ya daina sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan.

'Yar'uwa daga Arkilla: Allah ya saka da alheri. Jirgin sama fa, daga Sakkwato zuwa can?

Alhaji: Zuwa Abuja ko Legas riƙe dabinonki, abin da aka rabawa galibi kek ne da biskit. A na ƙasar waje ki nemi lambar GFML, wato ta abinci marar gulutin, aƙalla awa 48 kahin tashi, ki sake tabbatarwa ga na dawowa. Abinci na musamman guda aka zaɓa ga kowane tikiti, don haka ki tambayi kamfanin ko naman nasu halal ne.