Gida iri ɗaya, haraji daban: abin da aka ce a hirarmu

Wani ɗan'uwanmu da ya sayi gida bara a jihar Kalifoniya ta Amurka ya kawo kuka: gidansa da na maƙwabcinsa katanga ɗaya ce ta raba su, girma ɗaya, amma harajin da aka turo masa ya ninka na maƙwabcin fiye da sau biyu. Ga abin da waɗanda suka daɗe a can suka faɗa masa.

Tushen abin dokar Proposition 13 ce ta 1978. Harajin gida kashi 1 cikin 100 ne na ƙimarsa, ban da 'yan ƙarin da masu zaɓe suka amince da su. Ƙimar kuwa daga kuɗin da aka sayi gidan ake fara lissafa ta, kuma ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara. Sai gidan ya canja hannu, ko an yi sabon gini, ake sake ƙiyastawa. To wanda ya saya shekaru talatin baya yana kan tsohon farashi, kai kuma kana kan na yau. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da tsarin a 1992, don haka, in ji wani dattijo, kada ka ɓata kuɗin lauya kan wannan.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita: karanta takardar harajin layi-layi. Wasu sabbin unguwanni suna da ƙarin harajin makarantu da tituna da ake kira Mello-Roos. Nemi rangwamen mai zaune a gidansa, dala 7,000 ake cirewa daga ƙimar. Ba yawa, amma da babu gara ba daɗi. Idan farashin gidaje ya faɗi ƙasa da ƙimar da aka rubuta maka, ka nemi ofishin ƙiyasi na gundumarku ya sake dubawa kafin wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce.