Ina so in kai mahaifina Agadas, waɗanda suka san garin ku ba ni shawara

Ɗan Agadasawa:
Assalamu alaikum jama'a. Ni haifaffen unguwar Agadasawa ne a cikin birnin Kano. Baba kullum yana faɗa mana kakansa da ayarin gishiri ya zo daga Abzin, ya ga wuri ya zauna. Yanzu Baba ya tsufa, kuma babban burinsa ya yi sallah a masallacin nan mai dogon hasumiya kafin ƙafa ta gaza. Wane lokaci ya fi dacewa, wace hanya za mu bi, kuma me za mu gani ban da masallacin?

Ba'agadashe:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ai gida za ku zo, don Hausa ake ciniki da ita a kasuwarmu. Ku bi ta Daura ku tsallaka zuwa Damagaram, ku kwana, sannan ku shiga bas ta Tanut da Adarbisanat. Daga Damagaram kusan kilomita 450 ne, kuma hanyar tana gajiyar da dattijo, kada ku haɗa ta a rana guda daga Kano. Zafin Afrilu da Mayu kuwa, kada ma ku fara. Ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku riƙo bargo.

Hasumiyar tsayinta mita 27, ƙasa ce zalla. An gina masallacin wajen 1515, aka sake ginin hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta su magina ke takawa idan za a yi yaɓe, shi ya sa har yau take tsaye. Ana hawa ta ciki, amma Baba ya haƙura da wannan. Matakalar tana ƙara matsewa ana yin sama, har sai ka karkata kafaɗa, ga duhu ga jemagu. Kai ka hau ka ɗauko masa hoto, daga can za ka ga rufin tsohon gari gaba ɗaya da duwatsun Abzin a arewa. Fadar Sarkin Abzin tana nan dab da masallacin, ku je ku yi gaisuwa, ku faɗi daga inda kuka fito. Akwai kuma gidan da Bature Barth, matafiyi ɗan Jamus, ya sauka a 1850. Tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, amma gaskiya ruwan sama yana cin gidajen ƙasa, wasu kuma suna ta shigo da siminti, abin yana damuna ƙwarai.

Hajiya mai turkuɗi:
Yarona, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Ni turkuɗin Kura nake kaiwa can, Abzinawa ba sa wasa da shi wajen rawani. In da hali ku dace da Biyanu, bikin shekara na Agadas, ƙarshensa yana faɗawa tara da goma ga Muharram. Samarin gabas da na yamma kowa da ayarinsa, ana kiɗa ana rawa, a dawo gari da ganyen dabino a hannu. Sai dai shekarun nan Muharram a zafi yake zuwa, ka duba ƙarfin Baba tukuna. Ka shiga wajen maƙeran azurfa ka ga yadda suke zuba narkakkiyar azurfa su fito da sarƙar Agadas, kuma ka yi ciniki sosai. Tsaraba kuwa kantun gishirin Bilma da cuku.

Ba'agadashe:
Gaskiyar Hajiya. Abu ɗaya na ƙara, in wani ya ce zai kai ku garin Timiya ko cikin hamadar Tenere, kada ku fita gari sai kun tambayi hukuma halin tsaro. Ku kuma taho da takardunku cikakku.

Ɗan Agadasawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba, ya ce Disamba in sha Allahu. Yana tambaya, a fada akwai wanda zai iya bin sawun zuri'a idan muka faɗi sunan kakan nasa?